Rijiyar da Ta Fi ta Kowa Zurfi

"Lasa," in ji mai kifi. Ta dire dunƙulen ƙanƙarar a kan teburinsa, a kan takardunsa, ko sallama babu.

Mai Ƙanƙara ya dubi dunƙulen, ya dubi matar. Shekara tara tana sayen kaya a wurinsa, bai taɓa jin ta yi magana a hankali ba. A bayanta wasu masu kifin su uku sun tsaya, kowacce ta riƙe ƙugu, ƙarni ya cika ɗan ofishin.

"Ni jariri ne da za ki ce in lasa?"

"Ni ce jaririyar, da na ɗauki wannan na kai kasuwa. Kafin rana ta ɗaga ta narke. Kifina yana can yana iyo a akwati kamar ya dawo duniya. Lasa, maigida, kowa na jira."

Ya miƙa harshe kamar mai tsoron ƙuna, ya taɓa gefen. Fuskarsa ta yamutse, ya yi maza ya gyara ta.

"Harshenki ne," ya ce. "Ya saba da gishiri."

"To naka fa, da me ya saba da har idonka ya kawo ruwa?"

Ya ture kujera ya nufi bayan masana'antar, tumbi a gaba, masu kifi a baya. A gidan ƙanƙara akwai wani babban tanki cike da ruwan gishiri mai kauri, inji yana sanyaya shi har ya fi ƙanƙara sanyi amma ba ya daskarewa. A cikinsa ake jera gwangwanaye cike da ruwa mai daɗi, su kwana, su wayi gari sun zama dutse. Na gishirin yana waje, mai daɗin yana ciki, ko gaisawa ba sa yi. Don haka gwangwanayen ya fara dubawa ko sun huje. Ya ɗaga goma ya haska su a rana, ko ƙofar allura babu. Sai ya je bakin famfon da ke kawo ruwa daga rijiya, ya tara hannu ya kurɓa. Ya furzar har kan takalminsa.

Wannan rijiya kuwa, duk layin babu wanda bai sha labarinta ba, ko da bai sha ruwanta ba. Da mahaifinsu ya rasu ya bar musu dogon fili a jikin tudu, shi da yayarsa, sai ya ɗauki saman ya bar mata gangaren, wai don tausayin gwiwoyinta. Ita ta riga ta haƙa 'yar rijiyarta ta guga. Shi kuwa ya sa aka yi ta haƙa tasa har ta ninka tata da ɗori, ya sa aka saukar da injin jan ruwa can ƙasan ƙasa, ya rufe da murfin ƙarfe, ya ɗaura kwado, makullin yana ƙugunsa dare da rana. Ko gaisuwar mara lafiya ya je, kafin ya tashi sai an ji cewa rijiyarsa ƙafa hamsin ce.

Daga baya ya ga filin yayar zai yi kyau da ajiye motoci. Ya nema ta hana. Ya aika dattawa ta ba su ruwa suka sha suka tafi. A shekarar nan ce wani rami ya bayyana a kusurwar filinsa ta can ƙasa, manne da katangarta, kuma duk lokacin da ruwan tanki ya yi tsatsa aka tashi canza shi, can ake juye shi, ƙasa ta shanye. In an yi masa magana sai ya ce ba shi ya ce wa ruwa ya riƙa bin gangare ba. Shekara uku ke nan. Kullum da safe yana shan shayi sai ya tambayi matarsa, kamar abin bai dame shi ba, "Yaya ba ta ce komai a kan ruwanta ba?" Kullum matar ta ce ba ta ce ba.

Yanzu ya goge baki da bayan hannu. "Yaya ce," ya ce. "Ta rama."

Matarsa tana tsaye a ƙofar da ta haɗa gida da masana'anta, ludayi a hannu. "Ta rama me, Baban yara?"

Ya yi kamar bai ji ba.

"Tsohuwar da ke hawa matakala uku da hutu biyu, ita ce ta haura katanga da buhun gishiri?"

"Ba ki san ta ba. Ni na sha nonon da ta rage."

Ya fita ya zagaya ta titi. Masu kifi suka dubi juna. Kifi dai ya riga ya lalace, gara a ga ƙarshen abin, suka bi shi.

Yayar tsohuwar tela ce, ido ya hana ta ɗinki. Ya same ta zaune a tsakar gida a tsakiyar kwalaye, wasu an ɗaure su da igiya, wasu a buɗe.

"Auta," ta ce, "yau da rakiya haka? Sannunku da zuwa. Ku zauna inda kuka samu."

Duk duniya ita kaɗai ke ce masa Auta, ga furfura har cikin kunne. Ta lallaɓa ta ɗebo masa ruwa a kofi, kamar yadda take yi wa kowa. Ya karɓa da sauri, don shekara uku yana son ya ɗanɗana ruwan nan bai samu dalili ba. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya nemi gishiri ta kowane lungu. Ruwan garau, sanyi, har da ɗan zaƙi. Da guba ta ba shi da ya fi masa sauƙi.

"Dama ina da maganar da zan kawo maka yau da yamma," ta ce. "Amma tunda ka zo da taka a fuska, fara."

"Me ke cikin kwalayen nan?"

"Kayana."

"Gishiri ne."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Buɗe ka ɗiba, in miyarku ce ba ta ji ba."

Ya fizge igiyar na kusa da shi. Tsofaffin yaduka, almakashi uku, farantan mahaifiyarsu a naɗe cikin jarida. Ya buɗe na biyu, wani hoto ya zamo ƙasa: yaro ɗan shekara uku, ciki kamar tulu, ba wando, yana kuka. Mai kifi ta riga shi ɗauka.

"Ashe tun lokacin akwai tumbin," ta ce, ta miƙa wa ta bayanta.

Ya ƙwace hoton ya cusa a aljihu. "Kin zuba mini gishiri a rijiya, Yaya. Kin kashe mini sana'a. Asibiti na jiran ƙanƙara gobe, masu lemo na jira, ga waɗannan a kaina."

"Murfin ƙarfe," ta ce, tana lissafawa da yatsu. "Kwado kamar kan jariri. Makulli a ƙugunka. Ta ina na zuba? Sai dai in kana ba ni aron ƙugun ban sani ba."

Ana cikin haka 'yarsa ta shigo, tana riƙe da hannun tsohon da ya haƙa rijiyoyin biyu, wanda uwarta ta aika a kira. Wannan 'yar shekara huɗu ta yi a jami'a tana karanta duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, shekara biyu kuma tana gida tana aika takardun neman aiki. Ubanta Likitar Tsakuwa yake kiran ta, har a gaban baƙi. Da aka fara haƙa ramin nan, ta zo hutu, ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce in tsakuwa ta yi zazzaɓi zai neme ta.

"Baba, ara mini makullin," ta ce.

Ya ba ta, don idanu sun yi yawa. Suka tafi ita da tsohon, ana jin ƙarar murfi daga bayan katanga. Suka dawo da kwalabe biyu. Tsohon ya zauna a kan kwali, ya huta, sannan ya ce, "Wannan daga saman rijiyar na ɗebo. Sha."

Mai Ƙanƙara ya kurɓa. Da dama-dama.

"Wannan kuma daga gindinta, inda injinka yake kwance."

Wannan karon bai iya gyara fuskar ba.

"Ba daga sama aka zuba ba," in ji tsohon. "Ta ƙasa ya shigo maka."

"Baba tsoho," in ji 'yar, ta ɗaga murya kaɗan don kunnensa ya yi nauyi, "da kake haƙa ta Gwaggo, a ƙafa nawa ka tarar da laka?"

"Ashirin. Yashi, yashi, sai laka mai tauri kamar siminti. Nan na tsaya."

"Ta Baba fa?"

"Sai a hamsin na tarar da lakar. Na ce masa a talatin ruwa ya ishe shi. Ya ce in ci gaba, shi ba ya shan ruwa ɗaya da talakawa."

"Ban ce talakawa ba."

"To, da mata ka ce."

'Yar ta juya wurin uban. "Tudunka da ƙafa goma kawai ya fi nan tsawo, Baba. Ka ga ke nan lakar da ke ƙarƙashinmu ba ta bi tudun ba. A sama gidan Gwaggo ne gangare. A ƙasa gidanka ne."

"Ƙasa tana da wata ƙasa ne? Wannan karatun na biya?"

Ba ta yi musu ba. Ta fita ta dawo da kwanon gilas mai zurfi, mai tsawo, uwarta na biye da ita tana cewa, "Kwanon da ko surukai ban taɓa zuba wa abinci a ciki ba, shi za ki cika da yashi?" Ta ɗebo yashi a bokiti daga wurin masu gini na maƙwabta, ta kawo ruwan tankin uban a gwangwani, ta karɓi bular wanki da ƙwai ɗaya a wurin gwaggonta.

Ta fara saka ƙwan a kofin ruwan Gwaggo, ya nutse. Ta ciro shi ta saka a ruwan tanki, ya taso yana leƙen mutane.

"Ya fi ruwa nauyi," ta ce. "Shi ya sa ya ɗaga ƙwan."

"Ni za ki koya wa ruwan gishiri? Da shi na ciyar da ke."

Ta cire silifas ɗinta ɗaya ta tokare gefe guda na kwanon, gindinsa ya karkata. Ta zuba yashi, ta tara shi tsibi a gefen da gindin ya yi ƙasa, ta bar shi kaɗan a gefen da ya ɗaga. Ta jiƙa shi da ruwa mai daɗi har ya ƙoshi. Ta kafa tsinke a kan tsibin. "Gidanka." Ta kafa wani a ɗaya gefen. "Gidan Gwaggo." Sannan ta dama bula a ruwan tankin, ta ɗebo a cokali ta zuba a hankali dab da tsinken Gwaggo.

Kowa ya sunkuya. Mai Ƙanƙara ma ya sunkuya, iyakar inda tumbi ya yarda.

Shuɗin bai ko kalli tsinken Gwaggo ba. Ya nutse kai tsaye ta cikin yashin, yana yin 'yan yatsu, har ya taɓa gilas. Can ya kwanta, ya bazu, ya yi baki kamar harshe, ya fara rarrafe a ƙarƙashin ruwa mai daɗin, a hankali, ba gaggawa, ya nufi wajen tsibi. Ta ƙara cokali biyu. Harshen ya yi kauri, ya ci gaba. A ƙarshe ya isa ƙarƙashin tsinken maigida ya taru a wurin, ya yi shuɗi sosai.

"Ya san gidansu," in ji mai kifi.

Ta bayanta ta ce, "Shekara nawa ya yi a hanya?"

"Uku," in ji matar Mai Ƙanƙara. Sai ta rufe baki da ludayi.

Yayar ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. "Wace ukun?" ta ce a hankali, kamar ba ta sani ba. Ai ta sani. Kowane wata tana jin shaaa a bayan katangarta, har bishiyar lemon da ke kusurwar ta bushe ta sa aka sare. Ba ta taɓa cewa uffan ba, don ta lura shirun ya fi ci masa rai.

Mai Ƙanƙara ya miƙe, ya ce wannan wasan yara ne, kwano daban ƙasa daban. Ya ce zai kashe injin na mako guda, ruwan ya kwanta, shi ke nan.

"In ka kashe ya fi muni, Baba. Yashin da ke tsakanin ramin da rijiyarka cike yake da na shekara uku, yana nan tafe. In ba a janye shi ba zai taru ya yi ta hawa, har na saman ma ya tafi. Sai dai ka bar injin yana aiki kullum, kana zuƙe shi, mota tana kwashewa tana kai inda hukuma ta yarda a zubar. Ba rami ba."

"Har yaushe?"

"Kamar yadda ka zuba. Ko fiye."

"In ƙona mai shekara uku ina jan ruwan da ba zan sha ba?"

"Dama kana yi," ta ce. "Ɗan abin da zai bazu ya zo wajen Gwaggo ma, injinka ne ke janye shi. Shi ya sa nata ya zauna garau."

Tsohon mahaƙin bai ji duka ba, sai da aka maimaita masa a kunne. Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Ashe gadi kake mata," ya ce. "Kyauta."

Masu kifi suka tashi suna karkaɗe zane, sun sami abin kai wa kasuwa ko ba ƙanƙara. A bakin ƙofa babbarsu ta waiwayo. "Gobe da sassafe, maigida. In ta sake yin ɗanɗano, akwai wani gidan ƙanƙara a bayan tasha, kuma shi ba shi da yaya."

Gidan ya rage su huɗu, tsohon ma ya tafi. Mai Ƙanƙara ya zauna a kan kwalin farantai, yayar ta ce ya tashi, ya koma kan tukunyar furen da ya bushe. Gwangwani sittin ne ke jiran ruwa kafin magariba, in ana son ƙanƙara gobe. Motar ruwa sai an yi kwana biyu ana layi. Rijiya mai daɗi mafi kusa kuwa tana nan taku biyar daga ƙafarsa, da murfin katako da tsohuwar guga ta roba. Ya dube ta, ya dubi sama, ya dubi matarsa ko za ta faɗa a madadinsa. Matar ta shagala da wanke kwanonta.

"Yaya," ya ce.

"Na'am, Auta."

"Ruwan nan naki."

"Mai gishirin?"

"In za a ɗan sa tiyo, da ƙaramin inji, na kwana biyu kawai."

Yayar ta dubi 'yar. 'Yar ta girgiza kai. "Ban da inji, Gwaggo. In aka ja da ƙarfi, za a jawo shi nan. Guga kawai, ta sama, a hankali."

"Ka ji likita," in ji yayar. "Guga. Kuma ban son ƙattin ma'aikatanka su tattake mini tsakar gida. Ɗan gida ne zai ja. Ramin kuma a cike shi yau, ina zaune ina kallo."

"Gwangwani sittin, Yaya. Da bayana."

"Da tausayin gwiwoyina ka ba ni gangare. Ni ma bari in tausaya wa tumbin nan."

Da la'asar sakaliya an cike ramin. Daga bayan katanga injin rijiya mai ƙafa hamsin yana ta gurnani, yana tura ruwan gishiri cikin tankunan roba da aka jera. Likitar Tsakuwa tana can tsaye da littafi, makullin a hannunta, tana gaya wa ma'aikata abin da za su yi, suna cewa to. A wannan gefen Mai Ƙanƙara ya tuɓe riga ya rage singileti, yana jan guga yana juyewa a jarkoki, ma'aikaci na karɓa daga bakin ƙofa. A guga ta goma sha tara ya tsaya yana haki, ya ga yayar tana kwance igiyar kwalaye, tana fito da farantai tana jerawa a kan tabarma.

"Wai wace magana ce kika ce za ki kawo mini da yamma?"

"Au, wannan." Ta hura ƙura daga wani faranti. "Ɗana ne ya matsa in koma wurinsa, ya gyara mini ɗaki a ƙasa, ba matakala. Na ce to. Na ce gidan kuma gara in bar wa ƙanena da in sayar wa bare, ya ajiye motocinsa. Har na ɗaure kaya."

Igiyar ta zame daga hannunsa, gugar ta faɗa ciki da ƙara.

"Amma yanzu ina zan je," ta ce, "in bar rijiya mai daɗi haka, ga mai gadi, ga mai jan ruwa? Miƙo mini hoton nan na aljihunka, a bango yake zama."

Ya miƙa mata. Ta goge shi da mayafi, ta jingina shi a jikin kwali yana fuskantar rijiya.

"A hankali, Auta," ta ce. "Ta sama kawai."